Tambayoyinku kan Fasaha: Shagon naki ne, amma da sunan wa aka yi rajista?

Malam, ina sayar da atamfa da mayafai. Ɗan ƙawata ya ce zai buɗe mini shago a intanet a kan sidi 4,000. Ya ce in ba shi kuɗin gaba ɗaya, shi zai sayi komai, ni dai in turo hotunan kaya. In ba shi? — Hajiya, Nima, Accra

Hajiya, wannan "shi zai sayi komai" ita ce maganar da ta tayar mini da hankali, ba kuɗin ba. Yaron yana iya zama mai amana, amma masu amana ma suna samun biza su wuce Turai, suna canza lamba, suna mance kalmar sirri. Za ki yarda ki kama rumfa a Makola a rubuta takardun da sunan kafintan da ya buga miki kanta? To abin da ake shirin yi miki ke nan.

Abu uku dole su kasance a hannunki tun kafin ya taɓa kwamfuta. Na farko adireshin shafin, wato sunan da ke ƙarewa da .com ko .com.gh. Buɗe sabon Gmail na kasuwanci kawai, ki kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, lambar wayar da ke ciki ta zama taki. Da wannan imel ɗin za ki sayi adireshin da kanki, yaron yana gefe yana nuna miki in kin so. Adireshi haya ne, duk shekara ake sabuntawa, kuma saƙon tuni yana zuwa ne ga imel ɗin da aka yi rajista da shi. In na yaron ne, ranar da wa'adi ya cika sai shago ya ɓace bat, ana tsaka da cinikin sallah. In aka yi sakaci ya wuce kwanakin alfarma, fansar sa ta ninka kuɗin sabuntawa, daga nan kuma kowa na iya saye. Ko da yaron ya yarda ya miƙa miki daga baya, adireshin .com ba ya ƙaura zuwa wani kamfanin sayar da adireshi sai ya cika kwana 60 da rajista.

Na biyu masaukin shafin, inda fayiloli ke zaune: shi ma da imel ɗinki. Na uku hanyar karɓar kuɗi, Paystack ko Hubtel misali. Za su nemi Ghana Card da asusun da za a riƙa zuba ciniki. Naki za a sa. Ba na yaro ba "na ɗan lokaci kafin a gyara". Wannan ɗan lokacin ba ya ƙarewa.

Shi kuma me za a ba shi? Ya danganta da manhajar gina shago da zai yi amfani da ita. In da WordPress da WooCommerce zai gina, buɗe masa asusunsa daban, ke ki riƙe naki na Administrator, wato mai cikakken iko. In Shopify ne, akwai gayyatar ma'aikaci, ba sai kin ba shi kalmar sirrinki ba. Paystack na da mabuɗai, wato lambobin da ke haɗa shago da shi: na gwaji da na gaske. Ya yi aikinsa da na gwaji, sai an gama a sa na gaske kina wurin.

Biya kashi uku: 30 cikin ɗari a fara, 40 in kin ga shagon yana aiki a wayarki, 30 bayan ya miƙa miki aikin. A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu: kaya nawa zai ɗora, ranar gamawa, wata nawa zai yi gyara kyauta, nawa ne bayan nan. Na san za ki ce kunya, ɗan ƙawa ne. Kunyar takarda ta fi sauƙi a kan kai ƙara wurin sarkin zango.

Ki tambaye shi kai tsaye: zanen shafin da ƙananan manhajojin da zai liƙa, saya ya yi ko na sata ne? Waɗanda aka fasa ake rabawa kyauta ba sa samun sabuntawa, kuma sau da yawa da ƙofar ɓarayi a cikinsu. Nemi rasidi da lasisi da sunanki.

Kafin kashin ƙarshe ya fita, ɗora kaya na sidi 5, ki saya da MoMo ɗin 'yarki, ki ga kuɗin sun sauka a asusunki da idonki. Ya ba ki kwafin ajiya na fayiloli da na rumbun bayanai, duka biyun, ki adana a Google Drive ɗinki. Sannan goge asusunsa, canza kalmomin sirri, ki leƙa jerin masu shiga ko an bar wani baƙon suna. Kuma tunda za ki riƙa tara sunaye, lambobi da adireshin GhanaPost GPS na masu saye, dokar kare bayanai ta 2012 a wuyanki take, ba a wuyan yaro ba.

Mai gina mini shafi ya ce in turo masa lambar sirrin MoMo ɗina don ya haɗa da shagon. — Mai sayar da takalma, Aboabo, Kumasi

A'a. Babu haɗin da ke buƙatar lambar sirri ko lambar da aka turo maka ta saƙo. In ka riga ka tura, canza ta yanzu kafin ka karanta tambaya ta gaba. In an kwashe kuɗi, kira MTN, sannan ka kai rahoto ga hukumar tsaron intanet a lambar waya 292.

Shagona yana daɗewa kafin ya buɗe a waya, masu saye suna gudu. — Daga Maamobi

Hotuna ne. Kana ɗora su yadda kyamara ta ɗauka, kowanne mega huɗu ko biyar, kamar datar mutane ruwan famfo ce. Rage faɗinsu zuwa fiksel 1,200, nauyi ƙasa da kilobayit 200. Ni TinyPNG nake so, shafin da ke rage nauyin hotuna, kyauta ne.

Chrome yana nuna wa mutane cewa shafina ba shi da tsaro. An ce in biya sidi 800 a gyara. — Alhaji, Asawase

Ranka ya daɗe, riƙe kuɗinka. Takardar shaidar tsaron shafi, da ake kira SSL, ita ce babu ko ta ƙare. Yawancin masaukai suna ba da irin wadda ake kira Let's Encrypt kyauta, tana sabunta kanta. Shiga masaukinka ka kunna, ka tilasta wa shafin buɗewa da https. In ba ka da kalmar sirrin masaukin, koma ka karanta amsar Hajiya daga farko.