Tambaya da Amsa: Filin da aka haɗa karnuka faɗa zai iya zama wurin jinyarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mazaunin Maraɗi ne. Na gāji wani kangon fili a bayan gari wanda na daɗe ban leƙa ba, sai labari ya iso mini cewa wasu samari sun mayar da shi wurin haɗa karnuka faɗa, suna caca a kai. Mai unguwa da dattawa sun tsawatar har aka watse, amma an bar karnuka bakwai ɗaure a turaku, jikinsu duk rauni. Ana ba ni shawara in sa musu guba in huta, wai karen da ya saba faɗa ba ya gyaruwa, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Ina so in mayar da filin wurin jinyar irin waɗannan karnuka. Shin abu ne mai yiwuwa, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ba ka yi gaggawar bin shawarar masu guba ba. Gubar da ake sa wa kare a nama tana kashe shi ne cikin azaba mai tsanani, sannan ba ta tsayawa a kansa, domin kyanwa da ungulun da suka ci ragowar su ma mutuwa suke yi, ga kuma yaran da ke wasa a wurin. Abin da ka yi niyya mai yiwuwa ne, an kuma taɓa yin irinsa.

A watan Afrilu na 2007 jami'an tsaro a jihar Birjiniya ta Amurka suka binciki wani gida na fitaccen ɗan wasan ƙwallon Amurka, Michael Vick, suka tarar da karnukan faɗa kimanin 50, da yawansu ɗaure da sarƙa a jikin ƙarafunan mota da aka binne a ƙasa. A watan Disamba na wannan shekarar kotu ta yanke masa ɗaurin wata 23. Kafin lokacin, al'adar da aka saba a can ita ce a kashe duk karen da aka ƙwato daga wurin faɗa, amma a wannan karon sai aka sa masana suka duba halin kowane kare shi kaɗai. Guda ɗaya tak aka kashe saboda tsananin faɗansa, aka raba 47 ga ƙungiyoyin kula da dabbobi, kuma 22 daga cikinsu, waɗanda suka fi wuyar sha'ani, ƙungiyar Best Friends ta jihar Yuta ce ta ɗauke su. Da yawa sun ƙare rayuwarsu a gidajen mutane cikin iyali. Shi kuwa filin, mai faɗin eka 15, wata ƙungiya mai suna Dogs Deserve Better ta saye shi a 2011, ta mayar da shi wurin farfaɗo da karnukan da suka daɗe a kan sarƙa. Darasin da nake so ka ɗauka daga wannan shi ne a yi wa kowane kare hukunci bisa halinsa, kada a yi musu kuɗin goro. Sai dai su can suna da kuɗi da ma'aikata da taimakon jama'a, kai kuwa za ka fara ne da aljihunka, don haka tsarinka dole ya zama daidai ƙarfinka.

Abin da ya fi damuna a lamarinka shi ne ciwon haukan kare, kuma da shi za ka fara tun kafin ka sayi buhun siminti ɗaya. Karnukan nan sun ciji juna, sun kuma ciji wasu da ba ka san daga inda aka kawo su ba, kuma ta yawu da cizo cutar take yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda take kashewa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Mutane da yawa sun san kwana goman da ake tsare karen da ya ciji mutum ana dubansa, amma wannan lissafi daban ne. Karen da shi aka ciza, ba a kuma taɓa yi masa rigakafi ba, yana iya ɗauke da cutar makonni ko watanni ba tare da wata alama ba, shi ya sa ake killace irinsa wata huɗu zuwa shida. Saboda haka ka je ofishin kiwo na jihar Maraɗi ka nemi likitan dabbobi ya zo ya gan su da idonsa, ya yi musu allura, ya kuma faɗa maka tsawon lokacin da za a tsare su. Kai da duk wanda zai riƙa taɓa su ku nemi rigakafin mutane tun kafin a ciji wani. Idan kuwa tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida.

Raunukan da za ka gani yawanci a fuska suke, da kunnuwa, da ƙirji, da ƙafafun gaba. Cizon kare yana da yaudara, domin bakin ramin ɗan ƙarami ne amma haƙorin ya yaga naman da ke ƙarƙashi, sai fata ta rufe a kan ruɓa, bayan kwana biyu wurin ya kumbura ya tara mugunya. Akwai kuma wata cutar jini da ake kira babesiya, wadda kaska ke yaɗawa, wani nau'inta kuma yana bin cizo tsakanin karnukan faɗa. Idan ka ɗaga leɓen kare ka ga dasashinsa ya yi fari fat maimakon ja, ka sanar da likita. Wanda yunwa ta rame shi kuma kada tausayi ya sa a cika masa kwano rana ɗaya. A ba shi kaɗan kaɗan sau huɗu a yini har cikinsa ya saba.

Filin kansa ba ya buƙatar a guje shi, yana buƙatar tsabta ne. A tone turakun da sarƙoƙin a fitar da su gaba ɗaya, a ƙone tsummoki da katakon da jini ya taɓa. Ƙwayar cutar amai da gudawar jini ta ƴan kwikwiyo, wadda likitoci ke kira farbo, tana iya rayuwa a ƙasa watanni masu yawa, ƙwan tsutsar ciki kuwa yana yin shekaru. Ruwan jabel, wato bilicin da ake wanke fararen kaya da shi, yana kashe farbo a kan siminti idan an fara wanke wurin da sabulu, sannan aka zuba gwangwani ɗaya na jabel mai ƙarfi a gwangwani 30 na ruwa aka bar shi minti goma, amma a kan turɓaya ba ya aiki. Inda aka ɗaure karnukan sai a kankare saman ƙasar a kwashe, a bar rana ta gasa wurin, a zubo sabon yashi.

Wajen gini, kowane kare da ɗakinsa, kuma katangar da ke tsakaninsu ta zama ta bulo har sama da tsayin kare idan ya miƙe, domin ragar waya kaɗai ba ta hana su kallon juna, kuma muddin suna haɗa ido ba za su huce ba. Daɓen ya zama na siminti mai ɗan gangare don ruwan wanki ya fita. Ka san zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi, inda yakan haura digiri 40, ga shi kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Rufin kwano tsirara zai iya kashe shi da tsakar rana, don haka a ɗora zana a kai ko a gina a ƙarƙashin inuwar bedi, ruwan sha kuma kada ya yanke. Ƙofar shiga ta zama biyu, ɗaya bayan ɗaya, ta yadda ba za a buɗe ta ciki ba sai an rufe ta waje.

Gyaran hali shi ne aikin da zai ci maka lokaci. Mutane suna zaton za su tarar da zakoki, amma abin da na fi gani a irin waɗannan karnuka tsoro ne. Na taɓa kwance wa wani sarƙa bayan ya daɗe a turke. Ƙasar da ke kewaye da turken ta zama wani zagayayyen kwari saboda yawan kewayawarsa, kuma da na janye sarƙar bai ƙetare bakin wannan zagaye ba. Sai ya manna cikinsa da ƙasa, ya kwantar da kunnuwa, jikinsa na ɓari. Irin wannan ba a jansa, ba a kuma daka masa tsawa. Mutum ɗaya ne zai riƙa zuwa a lokaci ɗaya kullum, ya zauna gefe ba tare da ya zuba masa ido ba, ya jefa masa ɗan nama ya tashi. Ranar da kare ya tako da kansa ya karɓa daga hannu, an ci rabin aikin. Daga nan a saba masa da igiya da takunkumi, sannan a fara nuna masa wani kare daga nesa, kowanne riƙe a hannun mutum, ana rage tazarar sannu a hankali cikin makonni. Duka ba ya cikin wannan aiki ko kaɗan, domin da duka aka lalata su tun farko.

Ka kuma sani cewa faɗa da kare ɗan'uwansa daban yake da faɗa da mutum. Akwai wanda zai so mutane matuƙa amma har abada ba zai zauna da wani kare ba, kuma irinsa yana iya rayuwa lafiya a gidan da shi kaɗai ne. A nan garin akwai gwaji na uku da bai kamata a tsallake ba, wato yadda yake yi idan ya ga akuya ko kaza. Ranar da karenka ya kashe jar akuyar maƙwabci, a ranar unguwa za ta juya maka baya. Idan kuma aka samu wanda bayan watanni yana kai wa mai ba shi abinci hari ba tare da gargaɗi ba, to rahama a gare shi da jama'a ita ce likita ya yi masa allurar da za ta ɗauke shi ba tare da azaba ba. Wannan hukunci ne mai ɗaci, amma wanda ya shiga wannan aiki dole ya shirya masa.

Za ka ji masu cewa me ya haɗa Musulmi da hidimar kare. Ka amsa musu da ladabi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya gafarta wa mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma shari'a ta halatta riƙon kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona. Ka kai wa limamin unguwa da mai unguwa ziyara kafin ka fara gini, ka nemi izini a rubuce daga ma'aikatar magajin gari, domin haushin karnuka da dare da warin kashi su ne za su fara jawo ƙorafi.

Shawarata ita ce kada ka karɓi kare na takwas sai ka ga inda bakwai ɗin nan suka dosa. Gini sau ɗaya ake yin sa, amma abinci da magani da albashin mai gadi kullum ne, kuma da zarar labari ya bazu za a fara jefo maka ƴan kwikwiyo ta kan katanga. Ka yi magana da mahauta su riƙa tara maka ragowar nama da kayan ciki, a dafa a haɗa da tuwo ko dusa, ban da albasa domin tana lalata jinin kare, ban da dafaffen ƙashi mai tsagewa. A dandaƙe mazan, a yi wa matan aikin hana haihuwa kafin su bar hannunka, wanda hakan zai rage kwaɗayin masu son sace su don a ci gaba da haifar na faɗa. Masu garka a bakin Gulbi da makiyaya da masu gadin shaguna su ne za su fi buƙatarsu. Duk wanda za ka ba, ka je ka ga gidansa tukuna, ka ba shi takardar rigakafin karen, ka kuma shaida masa cewa za ka dawo dubawa bayan wata ɗaya, idan ka tarar da karen ɗaure a rana babu ruwa za ka tafi da shi.