Rabi a Aji, Rabi a Waya: Shin Karatu Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbin karatu a jami'a, sai ta dawo tana ce mini wasu darussan ta intanet za a riƙa yin su, aji kuwa sai ranakun da aka keɓe. Ni a iya sanina ɗalibi gaban malami yake zama. Shin wannan karatu ne na gaske, ko asarar kuɗi zan yi? Daga wani mahaifi a Funtua.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Karatu ne, kuma ba yau aka fara shi a Najeriya ba. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a 2002 zamanin Obasanjo. Ɗalibanta suna sauke littattafai su yi aikin gida ta intanet, amma idan jarrabawa ta zo, yawanci sai ɗalibi ya je cibiyar karatu da ƙafarsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa, kuma tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020 wasu jami'o'in suka rungumi tsarin.

A ganina, lacca ba ta rasa komai idan aka naɗe ta, har ma ɗaliba tana iya maimaita wurin da ya shige mata duhu sau uku, abin da kunya ke hana ta nema a cikin ɗakin taro mai cike da mutane. Aikin ɗakin gwaje-gwaje, da na asibiti, da na gona kuwa sai hannu ya taɓa, saboda haka ku tambayi sashen nata waɗanne darussa ne ake yi ido da ido, ku kuma tabbatar cewa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da kwas ɗin.

Inda na fi jin tsoro shi ne cikin gida, domin a nan ne wannan tsari ya fi kayar da 'yan mata. Yarinya tana tsaye bakin taga da waya a hannu tana neman sabis, malami yana tsakiyar bayani, sai a ƙwala mata kira ta ɗora tukunya ko ta kai niƙa, tunda a idon mutanen gida danna waya kawai take yi. Ku karɓi jadawalin darussan ku manna shi a bango, ku sanar da mahaifiyarta da ƙannenta cewa a waɗannan sa'o'in tana makaranta ko da ana ganin ta a ɗaki. Kuɗin data da na cajin waya kuma ku lissafa su tare da kuɗin makaranta tun farkon zango, kada a wayi gari ranar miƙa aikin gida tana bin maƙwabta neman aron waya.