Shawarwari ga manoma da makiyaya: cututtukan da ke shigowa ta garke, akurki da rumbu

Tambayoyin da na zaɓo a wannan karon duk sun shafi cututtuka masu yaɗuwa, kuma huɗu daga cikinsu sun taɓo cutar da ba ta tsayawa a jikin dabba, tana tsallakawa zuwa ga mai ita da iyalinsa. Na taƙaita kowace tambaya, na kuma sakaya sunayen masu ita.

Wani dattijo makiyayi daga ƙasar Ningi ya ce shanunsa uku sun yi ɓari a cikin shekara guda, dukansu cikin ya kai wata bakwai, biyu kuma mabiyiya ta ƙi faɗuwa sai da aka sa hannu aka ciro. Ya ƙara da cewa ɗansa da ke tatsa yana fama da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, an yi masa maganin cizon sauro da na taifot, amma abin bai rabu da shi ba.

Baba, Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma mayar muku da alheri. Abin da kuka bayyana ya yi kama ƙwarai da bakkale, cutar da likitoci ke kira burusela, amma ba zan yanke hukunci daga nesa ba, domin yunwar rani da sammore da wasu cututtuka ma suna sa saniya ta zubar da ciki. A shekarar 2016, alal misali, zazzaɓin kwarin Rift da sauro ke yaɗawa ya ɓulla a jihar Tawa ta Nijar, ya sa dabbobi ɓari, ya kuma kashe mutane. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin jini. Likitan dabbobi zai ɗebi jinin shanun ya yi gwajin farko da ake kira Rose Bengal, wanda ba ya ɗaukar lokaci, idan kuma ya nuna alama sai a aika samfurin babban ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, domin a tabbatar. Ku duba garken kuma, ko akwai saniyar da gwiwarta ta kumbura ta tara ruwa, ko bijimin da marainansa suka kumbura, domin waɗannan ma alamu ne da za ku faɗa wa likita.

Abin da ya sa bakkale ke daɗewa a garke ba a gane ba shi ne, yawanci saniya sau ɗaya take ɓari, daga baya ta ci gaba da haihuwa lafiya, mai ita ya ɗauka ta warke, alhali ƙwayar cutar tana nan a jikinta, tana fita a cikin nono da ruwan haihuwa. Ɗan tayin da ya faɗo da mabiyiya da jinin da ya zuba a ƙasa cike suke da ƙwayar, kuma kun san halin shanu, da zarar ɗaya ta haihu sai sauran su zo suna sansana suna lasa. Ta nan ne cutar ta fi shiga. Saboda haka duk saniyar da ta yi ɓari a ware ta daga garke har sai ƙazantar da ke fita daga jikinta ta ɗauke, a binne abin da ya faɗo a rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, kada a jefar da shi a bayan ruga. Wanda zai sa hannu ya ciro mabiyiya ya sanya safar hannu, idan babu ya zura hannunsa a leda mai kauri, ya kuma wanke da sabulu bayan ya gama.

Babu allurar da ke raba saniya da bakkale gaba ɗaya, don haka kuɗin da ake kashewa wajen sayen magunguna domin wannan asara ce kawai. Wadda gwaji ya tabbatar tana ɗauke da cutar, mafi alheri a fitar da ita zuwa mayanka inda ma'aikatan lafiya ke duba nama, kada a sayar wa wani makiyayi ya kai ta garkensa. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa 'yan maruƙa mata tun suna 'yan watanni, ba a yi wa mai ciki, kuma likita ne kaɗai ya kamata ya yi ta, domin idan ta soki mutum tana iya sa masa ciwon.

Game da yaron, ku mayar da shi asibiti, kuma wannan karon ku gaya wa likita ƙarara cewa shanunku suna ɓari kuma shi ke tatsa. Wannan bayanin shi zai sa likita ya nemi gwajin burusela, domin zazzaɓinta da gumin dare da ciwon gaɓɓai da na baya suna rikitar da ita da wasu cututtuka. Maganinta haɗin ƙwayoyi biyu ne da ake sha aƙalla makonni shida, wanda ya yanke a tsakiya kuwa ciwon na iya dawowa. A gida kuma a riƙa tafasa madara kafin a sha ko a kafa kindirmo. Na san akwai masu cewa tsamin nono yana kashe komai, to ba abin dogaro ba ne, wuta ce ke kashe ƙwayar, kuma tafasawar nan tana kare iyali daga tarin fuka na shanu ma.

Wani manomi daga yankin Kontagora ya ce ya wayi gari ya tarar da san nomansa ya mutu, alhali jiya lafiya ƙalau ya ci ya sha, cikinsa ya kumbura, baƙin jini yana fita ta hanci da dubura. Mahauta sun yi masa tayin ƙirgin, yana tambaya ko ya feɗe.

Malam, kada wuƙa ta taɓa wannan sa, ko da don ƙirgi ne. Mutuwar farat ɗaya tare da baƙin jinin da ba ya daskarewa, da gawar da ta kumbura da wuri kuma ba ta sandare sosai ba, alamu ne na ciwon saifa. Harbin daji da cizon maciji da guba su ma suna kashewa da gaggawa, amma har sai likita ya ɗebi ɗigon jini daga kunnen gawar an duba, ɗauka za a yi cewa saifa ce. Dalilin hana fiɗa shi ne, muddin gawar tana rufe, ruɓewa tana kashe mafi yawan ƙwayoyin cikin 'yan kwanaki, amma da zarar an buɗe ta iska ta shiga, sai ƙwayar ta yi wa kanta ɓawo mai tauri wanda ke zama a ƙasa shekaru aru-aru yana jiran dabbar da za ta zo kiwo. Shi ya sa cutar ta fi ɓulla a farkon damina, lokacin da ciyawa take gajeriya dabba tana haɗawa da ƙasa, da kuma bayan ambaliya ta tono abin da ke binne.

Ka rufe gawar don kada ungulu da karnuka su yaga ta, ka janye sauran dabbobi daga wurin, ka sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma. Ƙonawa ƙurmus ta fi, idan ba ta samu ba a binne a rami mai zurfin mita 2 tare da ƙasar da jinin ya zuba a kai. Ba tsohon labari nake ba ka ba: a watan Yulin 2023 an tabbatar da wannan cuta a wata gona kusa da Suleja a jiharku ta Neja, makonni kaɗan bayan ta ɓulla a arewacin Ghana. Akwai allurar rigakafinta da ake yi sau ɗaya a shekara, kuma a kula kada a haɗa ta da allurar kashe ƙwayoyin cuta a lokaci guda, domin ta biyun tana lalata ta farkon. Duk wanda ya riga ya taɓa gawar ya lura da fatarsa. Idan wani ƙurji ya fito wanda ba ya zafi, gefensa ya kumbura, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, ya tafi asibiti a ranar, domin yana jin magani idan an kama shi da wuri. Mahauta da majema da masu babbaka ganda su ne suka fi shiga wannan haɗari.

Wata baiwar Allah daga Gumel mai turkar raguna domin Layya ta ce ta sayo tumaki biyu a kasuwa ta haɗa da nata, bayan mako guda awakinta suka fara majina da kwantsa da gudawa, bakinsu ya yi gyambo yana wari, har 'yan awaki huɗu sun mutu.

Hajiya, wannan ya yi kama da annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, 'yar'uwar bushiya ce, wadda ta yi wa shanu ɓarna a ƙasar nan a 1983 kafin a bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Ba ta kama mutum, ta kuma fi tsanani a jikin awaki fiye da tumaki, shi ya sa tunkiyar da ta kawo ta za ta iya zama garau yayin da akuya ke mutuwa. A manyan kasuwanni irin su Maigatari da Mai'adua da Potiskum dabbobi daga wurare masu nisa suke cakuɗuwa, suna shan ruwa a kwatarniya ɗaya, kuma dabbar da ta kwashi cutar yau sai bayan kwana 4 zuwa 6 za ta nuna alama. Duba haƙori da taɓa gadon baya ba sa nuna wannan, kallon kitse ake yi wa rogo. Saboda haka duk dabbar da aka sayo a ɗaure ta a turke na daban, da abin cinta da abin shanta, har mako uku.

Yanzu ki ware marasa lafiyar, ki riƙa ba su ruwa mai gishiri da sukari saboda gudawar, da abinci mai laushi tunda bakin yana ciwo. Allurar da ake kira LA ba ta kashe wannan ƙwayar, tana taimakawa ne kawai wajen ciwon huhu da ke biyo baya, kuma wanda ya yi wa rago ita dab da Sallah ya duba kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba cewa a jira kafin a yanka. Rigakafin PPR allura ɗaya ce da ke karewa aƙalla shekara uku. Sai dai tana buƙatar sanyi, kuma idan an haɗa ta dole a yi amfani da ita nan da nan, don haka ya fi kyau ku haɗa kai da maƙwabta ku kira malamin dabbobi rana ɗaya. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan kawar da cutar PPR.

Wani matashi mai gidan kaji a wajen Kano ya tambayi yadda zai bambance murar tsuntsaye da annobar kajin nan ta lokacin hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil.

Ɗan'uwa, da ido ba za ka iya ba, ni ma ba zan iya ba, domin dukansu suna kawo mutuwa da yawa da koren kashi da faɗuwar ƙwai. Murɗewar wuya ta fi yawa a ta hunturu, kumburin fuska da jinin da ke taruwa a ƙarƙashin fatar ƙafa sun fi yawa a murar tsuntsaye, amma gwaji ne ke tabbatarwa. Ta hunturu tana da rigakafi mai araha da ake ɗigawa a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Murar tsuntsaye kuwa, wadda aka fara tabbatar da nau'inta mai tsanani da ake kira H5N1 a nahiyar Afirka a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, ta kuma dawo Kano a farkon 2015, tana iya kama mutum. Idan kaji suka fara zubewa, ka rufe ƙofa ka kai rahoto, kada ka kwashe su zuwa kasuwa da araha. Ka hana dillalan ƙwai da kiret ɗinsu da masu sayen kashin kaji shiga cikin gona, kuma kada agwagi da zabi su kwana wuri ɗaya da kajin.

Tambaya ta ƙarshe daga wani manomin dawa ce a jihar Bauchi, wanda ya ce ɓeraye sun addabi rumbunsa, yana kuma jin ana maganar zazzaɓin Lassa.

Malam, damuwarka tana kan hanya, domin Bauchi tana cikin jihohin da aka fi samun cutar tare da Ondo da Edo da Taraba, kuma ta fi yawa da rani, daidai lokacin da amfanin gona ke rumbu, ƙunar daji kuma ta koro ɓeraye cikin gari. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano ta a 1969. Wani ɓera mai yawan nonuwa ke ɗauke da ƙwayar, yana zubar da ita a fitsari da kashi a kan hatsi da garin da aka shanya a bakin hanya. Ka ɗaga rumbu daga ƙasa, ka toshe ramuka, abin da aka sussuka a zuba a durom mai murfi, domin ɓera yana huda buhu kowane iri ne. Kafin a share rumbu ko ɗakin ajiya a yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi a shaƙa, mataccen ɓera kuma a ɗauke shi da shebur a binne, a hana yara farautarsa. Cutar ba ta da allurar rigakafi tukuna, kuma farkonta kamar zazzaɓin cizon sauro ne, da ciwon kai da na maƙogwaro da kasala. Duk wanda ya sha maganin cizon sauro kwana biyu zuwa uku zazzaɓi bai sauka ba, a kai shi babban asibiti a nemi gwajin jini, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko. Mai jinyarsa a gida kada ya taɓa amai ko jini ko fitsarinsa da hannu tsirara, kuma bayan ya warke a duba jinsa, domin wasu daga cikin waɗanda suka tashi sukan sami kurumta.