Amsar Kawu kan zana Sarki da dattawa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana haɗa labarin zane kan bikin kamun kifi na Argungu, kana tambaya ko al'ada ta yarda a zana Sarki da dattawa.

Hukuncin zana mai rai na malamai ne, ka je ka zauna da malaminka. Annabawa da sahabbai kuwa, ko kusa kada ka je. A al'ada, abin da ake ƙi shi ne wulaƙanta babba. Kada ka kumbura wa basarake hanci ko tumbi irin na barkwancin jarida, kuma fuskar Sarkin Kabi mai ci sai da izinin fada. Gara ka ƙirƙiri naka sarkin.

Inda masu zane suka fi tuntuɓe shi ne ƙananan abubuwa. Rawani mai kunnuwa biyu na gidan sarauta ne, ba a ɗora wa masunci ko ɗan kasuwa. Amawali yana rufe bakin Sarki, kuma ba ya yawan magana a bainar jama'a, don haka maganarsa a shafi ta zama gajera, fadawa su amsa da "Sarki ya gaishe ka". Mai gaisuwa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi jinjina da dama. Ka kula da wannan sosai: in ka juya hoto a kwamfuta don ya dace da shafi, dama ta koma hagu, sai ga yaro yana miƙa wa dattijo goro da hagu. Tsagar Kabawa ma ka dube ta a fuskar mai ita, kada ka yi ta da ka.

Ka fara da fensir mara kauri a takardar A3, gida 5 ko 6 a shafi, wato akwatunan da ake zana hotunan a ciki, ka rubuta maganganu tukuna don kada su danne fuska. A nan za ka kai wa dattijon da ya san fada ya duba, tun gyara yana hannun magogi. Bayan haka tawada, wadda ruwa ba ya narkarwa. In ka goge fensir kafin ta bushe za ta yi jirwaye, kuma lokacin zafi ka sa wata takarda ƙarƙashin hannunka saboda gumi.

Shafuka su zama 16, 24 ko 32, domin kowace takarda da aka ninka shafi 4 take bayarwa. Kafin a buga, mai ɗab'i ya fitar maka da gwaji ɗaya, ka tabbatar ƙ, ɗ da ɓ sun fito, don wasu haruffan kwamfuta ba su da su.

Ka gaishe min da mahaifiyarka.