Shin sunan marubucin fim yana jawo kasuwa?

Malam, ka tambaya ko an taɓa samun marubucin da sunansa kaɗai ke sayar da fim kamar na jarumi. An samu, a Indiya: Salim Khan, mahaifin Salman Khan, da abokin aikinsa Javed Akhtar.

Kafin su, marubuci ba a bakin komai yake ba, ko a fosta ba a sa sunansa. Da fim ɗin Zanjeer da suka rubuta ya fito a 1973, sai suka ɗauki hayar mai fenti ya bi fostocin fim ɗin a birnin Bombay yana buga sunayensu. Wannan fim ne ya ɗaga Amitabh Bachchan bayan finafinansa sun sha faɗuwa. A 1975 suka kawo Deewaar da Sholay. Shi Sholay da farko kasuwarsa ta yi sanyi, masu sharhi suka yi masa ca, amma daga baya ya shekara biyar ana haska shi a sinimar Minerva da ke Bombay.

Ba kullum suke dacewa ba fa, Immaan Dharam na 1977 bai yi kasuwa ba. Sun rabu a 1982, kuma a ganina babu wanda a cikinsu ya sake kai wancan matsayi shi kaɗai.