Hukuncin Yin Magani da Laimar Kwaɗi ta Daji

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An ba ni labarin wata laimar kwaɗi da ke fitowa a jikin matattun itatuwa, wai tana ƙarfafa garkuwar jiki, har an ce hadisi ya ambace ta. Mahaifiyata na shan maganin tsinka jini. Ya halatta in tsinko in dafa mata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Mama lafiya, kai kuma Ya saka maka da wannan kulawa.

Asalin duk abin da ƙasa ta tsirar halal ne, saboda faɗin Allah a Suratul Baƙara, aya ta 29, cewa Shi ne Ya halitta muku abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Ko da a kan kashin dabbobi ta fito, malaman Malikiyya sun ce shukar da najasa ta raya mai tsarki ce, a wanke ta kawai.

Hadisin da aka faɗa maka ingantacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'idu bin Zaid cewa Manzon Allah (SAW) ya ce kam'a tana daga cikin mannu (abincin da Allah Ya saukar wa Bani Isra'ila), ruwanta kuma waraka ne ga ido. Amma kam'a a cikin ƙasa take girma, kamar dankali, a sahara bayan ruwan sama, kuma ido aka ambata. Jawo hadisin ya hau kan kowace laima, ga kowace cuta, jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba ne. Wannan yana damuna ƙwarai a bakin masu tallar magani.

Amfani kam akwai shi. Mutanen Sin sun daɗe suna magani da wadda suke kira lingzhi, kuma a shekarun 1970 Japan ta amince da wani sinadari, PSK, da ake cirowa daga wata laimar itace, aka riƙa ba masu ciwon daji tare da maganin asibiti. Ka lura: tare da shi, a ma'auni, a hannun likita.

Matsalarka tana wajen tsinkowa. Akwai mai suna Amanita phalloides, tana kama da waɗanda ake ci, dafuwa ba ta kashe gubarta. Mutum zai ci ya yi awa 6 ko fiye lafiya lau, sai amai da gudawa, ya ɗan samu sauƙi, alhali hanta na lalacewa. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi wa wani magani ba a san shi da ilimin likitanci ba, alhakin abin da ya faru na wuyansa. Laimar kwaɗi mai sa maye kuwa haramun ce kai tsaye.

Don haka bai halatta ka tsinko abin da ba ka tantance ba ka ba ta. Ko ƙwararre ya tantance ya ce lingzhi ce, ita kanta tana iya ƙara tsinka jini, ta haɗu da ƙwayar Mama ta jawo zubar jini. Ka kai wa likitanta sunan abin. Idan ya amince, ya halatta ta sha wadda aka noma aka auna, ba tare da ta ajiye maganinta ba.

Wallahu a'alam.