Ya halatta in rubuta zancen zucin uwar da yaronta ya rasu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya kara lafiya. Ni marubuciya ce, ina kan labarin wata mata da yaronta ya rasu, a gaban mutane ba ta cewa komai sai alhamdulillah, amma in dare ya yi sai ta dauko rigarsa tana shinshinawa, a ranta tana cewa "me ya sa shi, me ya sa ba ni ba". Na rubuta zancen zucin nata kaf, sai kawata ta ce wai sabo nake rubutawa, tun ranar na kasa ci gaba. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama ci gaba da rubutunki, ya halatta. Ai shi kansa Alkur'ani ya bude mana cikin iyayen da suka hadiye bakin ciki, duba Suratu Yusuf aya ta 84, Annabi Yakubu ya juya baya yana cewa ya bakin cikina a kan Yusuf, har idanunsa suka yi fari, aya ta kira shi "kazim" wato mai dannewa a ciki, kuma wannan fa Annabi ne. Ga mahaifiyar Annabi Musa a Suratul Kasas aya ta 10, zuciyarta ta wayi gari fanko, saura kiris ta tona asirin ba don Allah ya daure mata zuciya ba. Manzon Allah (SAW) ma da dansa Ibrahim yake gargara hawaye ya yi, Abdurrahman bin Auf ya ce har da kai ya Manzon Allah, ya ce masa wannan rahama ce.

Inda kawarki ta dan tabo gaskiya shi ne, hadisin Abu Huraira da ya ce an yafe wa al'umma abin da zuciya ta raya, da sharadi ya zo, matukar ba a furta ko an aikata ba, shi kuma rubutu a wajen malaman fikihu kamar furuci yake. To amma ke hakaitowa kike, mai hakaito magana ba shi ne mai ita ba, Alkur'ani ma ya hakaito maganar Fir'auna. Kuma ni gaskiya "me ya sa ba ni ba" ban ga sabo a ciki ba, uwa ce take son ta fanshi danta da ranta.

Abin da za ki kiyaye, in zancen nata ya kai ga tuhumar Allah da zalunci kar ki kawata shi har mai karatu ya dauka daidai ne, ba wai sai kin sa mata wa'azi a baki ba, hakan ma bata labari yake. In kuma wata ta gaske kika dauko wadda za a iya ganewa, to sai da izininta, don kina jingina mata abin da ba ta fada ba.

Wallahu a'alam.